Tulun da ya fito daga cikin zane: yadda masu zayyana ke raya tsohon gilashin Murano

A birnin Venis na ƙasar Italiya akwai wani gidan adana zane-zane da ake kira Accademia. A ɗaya daga cikin ɗakunansa an rataye wani faffaɗan zane da Paolo Veronese ya yi a 1578, wanda ke nuna mala'ika ya zo wa Maryamu da bushara. Yawancin masu ziyara mutanen cikin zanen suke kallo, su wuce abinsu. Amma in ka matsa kusa ka kai idonka gefe, za ka ga wani ɗan tulun gilashi a ajiye a kan dakalin baranda. Cikinsa kamar ƙwai, wuyansa siriri, yana tsaye da ƙafa guda, ga shi garau har kana hango abin da ke bayansa.

Shekara 343 bayan haka, wato a 1921, wani mai zane ɗan tsibirin Murano mai suna Vittorio Zecchin ya ɗauko siffar tulun nan daga cikin zanen, ya kai wa masu busa gilashi suka fitar da shi a zahiri. Aka raɗa masa suna Veronese. Har yau kamfanin Venini yana yin sa, ana sauya masa launi lokaci bayan lokaci, kuma ya zama alamar da aka san kamfanin da ita.

To, a nan za ka iya tambaya: wannan ƙirƙira ce ko kwaikwayo? Mai zane ya kwaikwayi tulun da ya gani a zamaninsa, wani kuma ya zo ya kwaikwayi zanen. Ina sabon abu a ciki? Tambayar tana da muhimmanci, domin a yau ma abin da masu zayyanar kayan gilashi da yawa ke yi kenan: su ɗauko tsohuwar siffa su sake mata fasali. Tarihin Murano ya nuna cewa da wannan komawa baya ne sana'ar ta tsira daga mutuwa, ba sau ɗaya ba. Kafin mu kai can, bari mu fara da shi kansa gilashin.

Yashi, toka da wuta

Asalin gilashi yashi ne, ko kuma sinadarin silika da ke cikin yashi. Matsalar ita ce silika zalla ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyos, kuma babu tanderun itace da zai kai haka. Dabarar da mutanen dā suka gano ita ce a haɗa yashin da wani gishiri mai sinadarin soda, wanda ke sauko da zafin da ake buƙata ƙasa sosai. Rumawa suna samo nasu ne daga busassun tafkunan Wadi Natrun a Masar, kuma wannan gishiri ɗan uwan kanwar da ka sani ne a kicin. Daga wajen ƙarni na 9 aka koma amfani da tokar wasu tsirrai da ke fitowa a ƙasa mai gishiri. Abu na uku shi ne sinadarin farar ƙasa, wato kalsiyam. In babu shi, gilashin ba ya jure danshi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani abin da ya bambanta gilashi da ƙarfe ko ƙanƙara shi ne ba shi da takamaiman zafin da yake narkewa farat ɗaya. A hankali yake laushi, a hankali kuma yake daskarewa. In ka taɓa ganin mai alewa yana jan narkakken sukari yana ninkewa kafin ya huce, ka ga kwatankwacin abin. Tsakanin lokacin da gilashi ya fito daga wuta yana zuba kamar zuma da lokacin da ya sandare, akwai ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma duk aikin gwani a cikinsa yake. Tun da aka gano busa gilashi da bututu a yankin Sham a ƙarni na 1 kafin Miladiyya, da wannan ɗan lokaci ake tsere.

Gilashin Murano mai soda yana daɗewa da laushi fiye da wasu nau'o'in. Shi ya sa gwanayen can suka shahara da abubuwa marasa kauri, masu dogon wuya, da murɗe-murɗe da ake yi tun gilashin yana da zafi. Gilashin ƙasar Bohemiya da na Ingila mai dalma kuwa sun fi dacewa da a bar su su huce da kauri, sannan a sassaƙa su da dutsen niƙa. Kenan siffar da kake gani ka ce ta Venis ce, rabinta daga sinadaran cikin tukunya ta fito.

Tsibirin da aka killace gwanaye

A 1291 hukumomin Venis suka ba da umarnin a kwashe tanderun gilashi daga cikin birni zuwa Murano, wani rukunin ƙananan tsibirai da ke kusa. Dalilin da aka bayar shi ne tsoron gobara, ga shi gidaje da yawa na katako ne. Amma tara gwanaye wuri guda ya kuma sauƙaƙa sa musu ido. An ba su gata da daraja, sai dai an hana su fita da sirrin sana'ar zuwa wata ƙasa.

Wajen tsakiyar ƙarni na 15 ne Angelo Barovier ya yi suna da wani gilashi garau da aka kira cristallo. Gilashin wancan zamani yakan ɗan yi kore-kore ko ruwan ƙasa saboda ƙarfen da ke cikin yashi da toka. Abin da aka yi a Murano shi ne, maimakon yashi sai a samo fararen duwatsu daga kogin Ticino, a gasa su, a tsoma a ruwan sanyi su farfashe, a niƙa. Tokar kuma, wadda ake kawowa a jirgin ruwa daga Sham, sai a jiƙa ta, a tace, a dafa ruwan har ya ƙone ya bar farin gishiri, kusan yadda ake tace ruwan toka a gida. Sannan a ƙara ɗan manganis kaɗan, wanda ke kashe koren da ya rage.

Sakamakon ya burge Turai gaba ɗaya, amma yana da aibi. Tacewar da ta fitar da datti ta tafi da wani ɓangare na kalsiyam ɗin da ke kare gilashi daga danshi. Don haka wasu daga cikin kofunan wancan zamani da ke gidajen tarihi a yau suna yin gumi, suna dusashewa, ƙananan tsaga suna cika jikinsu. Masu adana kayan tarihi suna kiran abin ciwon gilashi. Darasi na farko kenan ga duk mai son raya tsohuwar siffa: ba kowane abu na magabata ne ake so a maimaita ba.

A 1527 aka ba Filippo Catani izinin mallakar wata sabuwar dabara, filigrana. Ana jan farin gilashi ya zama zare a cikin sandar gilashi garau, a jera sandunan, a narka su su manne, a busa. Daga nan aka samu reticello, wanda ya fi wahala. Ana yin kofi biyu, zaren ɗaya ya murɗa dama, na ɗayan ya murɗa hagu, sai a busa ɗaya a cikin ɗaya. Zaren ya sarƙe kamar raga, kuma da yake jikin sandunan tudu da kwari ne, iska takan maƙale a kowane ido na ragar ta zama ɗan kumfa guda. In gwani ya iya, kumfan nan duk girmansu ɗaya, a jere reras. Irin gilashin wannan zamani ne Veronese yake gani a gidajen masu kuɗin Venis lokacin da ya zana tulunsa.

Faɗuwa, da tashin farko

Sirri ba ya ɗorewa har abada. Duk da hani, gwanaye sun riƙa sulalewa zuwa wasu ƙasashe. A 1665 ministan Faransa Colbert ya jawo wasu ma'aikatan Murano zuwa Faris don kafa masana'antar madubi. A Ingila George Ravenscroft ya samu izinin gilashinsa a 1674, wanda ya zama gilashi mai dalma, mai nauyi da ƙyalli. Bohemiya ma ta fito da nata. Kasuwa ta juya ga kaya masu kauri da sassaƙa. Sai kuma Napoleon ya kawo ƙarshen jamhuriyar Venis a 1797, aka rushe ƙungiyoyin sana'a bayan 'yan shekaru, daga baya birnin ya koma hannun Ostiriya, wadda ta fi son gilashinta na Bohemiya ya yi kasuwa.

Abin da ya riƙe tanderun Murano a wannan lokaci shi ne duwatsun ado na gilashi, waɗanda ake fitarwa da yawan gaske, kuma Afirka ta Yamma na cikin manyan kasuwanninsu. Tsofaffin duwatsun wuya masu zanen furanni da har yau ake samu a kasuwannin Ghana da Najeriya, da yawansu daga can suka fito. Amma aikin busa kofuna masu wahala ya kusa ɓacewa, domin babu mai saye, kuma abin da ba a saye ba a koya wa yaro shi.

Farfaɗowar ta zo ne ta hanyar da za ta ba ka mamaki. A 1861 wani malamin coci mai suna Vincenzo Zanetti, tare da magajin garin Murano Antonio Colleoni, suka kafa gidan tarihin gilashi, a shekarar da ta biyo baya kuma suka buɗe makarantar zane a jikinsa. Manufar ita ce a ajiye tsofaffin kaya a gaban ma'aikata su kalla, su auna, su gwada yi. Wani lauya, Antonio Salviati, ya zuba jari ya nemo kasuwa a Landan. Mutanen da kakanninsu suka ƙirƙiro reticello suka zauna suna koyon sa daga kofunan da kakannin suka bari.

Wani ma'aikaci, Vincenzo Moretti, ya wuce nan ma. Ya koma ga kwanukan Rumawa da ake tonowa a ƙasa, waɗanda aka yi da dabarar da yanzu ake kira murrine. Ana haɗa gilashi launi-launi ya ba da wani zane, a ja shi ya yi tsawo kamar sandar alewa, a yayyanka. Kowane yanki yana ɗauke da zanen nan. Sai a jera yankunan a narka su su zama kwano guda. An yi ƙarnoni ba a yin kwano ta wannan hanya. Moretti ya yi ta gwaji har ya gano yadda ake yi, aka nuna aikin a baje kolin duniya na Faris a 1878.

Sai dai kwaikwayo zalla yana da iyaka. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 gwanaye sun koma gasar nuna bajinta: kofi guda za ka ga an ɗora masa dodo, da kifi, da fure, da fukafukai, har ba ka san ta inda za ka riƙe shi ba. Hannu ya dawo, amma ido ya gaji.

Zecchin ya rage, Scarpa ya tona

Wannan ne yanayin da Paolo Venini, lauya daga Milan, da Giacomo Cappellin, dillalin kayan tarihi ɗan Venis, suka tarar lokacin da suka kafa kamfaninsu a 1921 suka ɗauki Zecchin ya jagoranci zayyana. Yanzu ka ga amsar tambayarmu ta farko. Zecchin ya tsallake kakanninsa na kusa masu yawan ado, ya koma ga na nesa. Tulun da ke cikin zanen Veronese ba shi da dodo ko fure. Siffa ce kawai da siririn gilashi. A 1921 wannan sauƙin shi ne sabon abu, kuma ya yi daidai da ɗanɗanon zamanin da ya fara ƙyamar tarkace. Abin da Zecchin ya ƙirƙira shi ne zaɓin: wane tsohon abu ne ke da maganar da zai faɗa wa mutanen yau.

Akwai wani tsari da ya kafu daga nan wanda ya kamata ka fahimta. A Murano mai zayyana daban, mai busawa daban. Gwani, wanda suke kira maestro, yana zaune a bencinsa da 'yan kayan aikin da ba su canza sosai ba tun ƙarnoni: bututu, almakashi, da wani babban matsefi na ƙarfe. Mataimaka suna kawo masa narkakken gilashi a daidai lokacin da yake buƙata. Mai zayyana zai iya zana duk abin da ya ga dama a takarda, amma gwani ne zai ce masa wannan gilashi zai yarda, wannan ba zai yarda ba.

Carlo Scarpa, wanda daga baya ya zama shahararren mai zanen gine-gine, ya yi aiki da Venini daga 1932 zuwa 1947, kuma an san shi da zama a bakin tanderu tare da gwanaye. Shi bai ɗauki tsofaffin siffofi ba sosai, dabarun ya ɗauka. Ya rage filigrana zuwa zare mai bin hanya ɗaya a kan siffofi marasa ado, wasunsu irin na tangaran ɗin Sin. Shi da Paolo Venini suka sake ɗauko murrine na Rumawa. Ya kuma sa aka riƙa sassaƙa jikin gilashi bayan ya huce har ya yi kama da ƙarfen da maƙeri ya bubbuga da guduma.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wajen 1948, Fulvio Bianconi da Venini suka fito da tulun Fazzoletto, ma'ana hankici. Yadda ake yin sa darasin kimiyya ne a kan kansa. Ana buɗe gilashin ya zama faifai, sai a juya shi ƙasa yana da zafi, nauyinsa ya ja gefunan su zubo su yi lanƙwasa kamar ƙyallen da aka ɗaga ta tsakiya. Babu biyu da ke fitowa iri ɗaya. Sau da yawa da zaren filigrana na ƙarni na 16 ake yin sa, sai ya zama kamar leshi.

A shekarun 1960 kuma Tapio Wirkkala ya zo daga Finland ya zayyana kwalaben Bolle da tsohuwar dabarar incalmo: a busa gilashi biyu masu launi daban, a buɗe bakin kowanne daidai da na ɗan uwansa, a haɗa su baki da baki suna da zafi. A nan lissafi ke shigowa. Kowane gilashi yana da gwargwadon yadda yake kumbura in ya yi zafi da yadda yake tsukewa in ya huce, kuma sinadarin da ke ba da launi yana iya canza wannan gwargwado. In ɗaya ya fi ɗayan tsukewa, mahaɗar za ta tsage, ko a ranar, ko bayan wata guda a kan teburin mai saye. Haka kuma dole a sa kowane aiki a wani tanderu mai zafin wajen digiri 500 ya huce sannu a hankali, in ba haka ba waje ya daskare kafin ciki, ƙarfin da ya taru a jikinsa ya fasa shi. Duk mai zayyanar da ya ce zai haɗa ja da shuɗi, sai ya fara tambaya ko launukan biyu suna jituwa a wuta.

Masu yi a yau

A zamaninmu abin ya ɗauki fuskoki daban-daban. Ɗauki misalin kofin da ake kira goto. Asalinsa ba kayan sayarwa ba ne. Kofi ne da ma'aikatan tanderu ke yi wa kansu da ragowar gilashin da aka bari, su sha ruwa da shi saboda zafin wurin. Yakan fito a karkace, da ɗigon launuka barkatai. A 1994 Marie Brandolini ta kafa kamfanin Laguna~B a kan wannan kofi, ta sa aka riƙa yin sa da gangan, da yankunan murrine masu haske a jikinsa. Kofin leburori ya hau teburin attajirai. Ɗanta Marcantonio ne ke jan ragamar kamfanin yanzu. Abin lura shi ne, abin da aka raya a nan ba ya cikin manyan kayan da sarakuna suka yi alfahari da su. Daga bayan fage aka ɗauko shi.

Wata fuskar kuma ta ƙetare teku. Dale Chihuly, Ba'amurke, ya yi aiki a Venini a 1968, ya koma gida ya kasance cikin waɗanda suka kafa makarantar gilashi ta Pilchuck a jihar Washington a 1971. A 1979 gwanin Murano Lino Tagliapietra ya je can ya koyar, ya buɗe wa ɗalibai abin da a dā ake ɓoyewa. Cikin waɗanda suka amfana akwai Dante Marioni, wanda ke ɗauko siffofin tulunan Girkawa da na tsohuwar Italiya, ya ja su su yi tsawo fiye da kima, ya yi su da launuka masu ƙarfi ko da ragar reticello. Sirrin da jamhuriyar Venis ta yi ƙarnoni tana tsarewa, yaɗuwarsa ce ta ƙara masa masu riƙewa.

Fuska ta uku ta fi shafar mu. A ƙarni na 18 Giuseppe Briati ya shahara da manyan fitilun rufi masu rassa da furannin gilashi launi-launi, irin wanda ke rataye a fadar Ca' Rezzonico. A 2003 Fred Wilson, mai fasaha Ba'amurke baƙar fata, ya wakilci ƙasarsa a baje kolin fasaha na Venis. Ya sa gwanayen Murano suka yi masa irin wannan fitila, da rassanta da furanninta, amma da baƙin gilashi tsaf. Aikin nasa a kan 'yan Afirka ne da suka rayu a Venis tun ƙarnoni, waɗanda ake gani a gefe-gefen tsofaffin zane-zanen birnin, har da na Veronese, amma ba a cika tambayar su wane ne ba. Zecchin ya duba gefen zane ya ga tulu, Wilson ya duba ya ga mutane. Bai canza siffar fitilar ba, launi kawai ya sauya, ma'anarta ta juye gaba ɗaya. Wani abin sha'awa ta fuskar kimiyya: manganis ɗin da kaɗan daga cikinsa ke sa gilashi ya yi garau, in aka zuba shi da yawa sai ya ba da shunayya mai duhu har ta koma kamar baƙi.

Wilson ba shi kaɗai ba ne. Tun 2009 Adriano Berengo ke shirya baje kolin Glasstress, inda ake gayyato masu fasahar da ba su taɓa aiki da gilashi ba su zauna da gwanaye. Ta wannan haɗin ne Ai Weiwei na ƙasar Sin ya yi wata ƙatuwar baƙar fitila mai siffofin ƙasusuwa da sassan jiki, wadda aka rataye a Venis a 2022.

Abin da ba ya maimaituwa

Kada ka ɗauka mai zayyanar yau yana da duk abin da na jiya ke da shi. Wasu sinadaran da aka daɗe ana amfani da su guba ne. Arsenik, alal misali, yana taimakawa wajen fitar da kumfa daga narkakken gilashi da kuma samar da wasu launuka masu hazo, amma yana jawo cutar daji, kuma tun 2015 dokar Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini na musamman. Dole aka shiga neman madadinsa. Don haka ko da siffar ta 1921 ce, abin da ke cikin tukunya na yau ne, kuma sai an sake gwada jituwar launuka daga farko.

Ga kuma wuta. Tanderun Murano da iskar gas yake aiki, kuma ba a kashe shi dare da rana, domin narka gilashi na buƙatar zafin wajen digiri 1,400, in kuma ya huce tukunyar cikinsa na iya tsagewa, sake kunna shi aiki ne na kwanaki. Lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai a 2021 da 2022, masana'antu da dama a tsibirin sun kashe wutarsu na wani lokaci. Sannan ga jabu: shagunan Venis cike suke da kaya masu arha da aka yi a wasu ƙasashe ana sayar da su da sunan Murano, abin da ya sa yankin Veneto ya kafa tambarin shaida na Vetro Artistico Murano da doka a 1994. Mafi girma duka, matasa ba sa shigowa kamar dā. Kafin yaro ya zama gwani yana buƙatar shekaru masu yawa a gaban wuta, kuma yawan ma'aikatan tsibirin ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da tsakiyar ƙarnin da ya wuce.

A nan ne amfanin masu zayyana yake fitowa fili. Kofin reticello zai iya shekara ɗari biyar a cikin akwatin gidan tarihi, amma sanin yadda ake juya bututu, da sanin daidai lokacin da za a haɗa kofi biyu kafin su huce, a hannun mutum yake zaune, kuma ba ya wuce tsawon ran mai shi sai in ya koya wa wani. Ba zai koyar ba sai akwai aiki, aiki kuma ba ya samuwa sai wani ya kawo dalilin da zai sa mutanen yau su so abin. Murano ta ga haka a ƙarni na 19, lokacin da jikoki suka koma koyon aikin kakanninsu daga kofunan da ke gidan tarihi, kuma ta yi sa'a akwai sauran masu hannu da za su iya karanta abin da ke jikin kofunan.

Don haka in ka ga an ce wani mai zayyana ya fitar da sabon fasalin wani tsohon kofi ko tulu, ga tambayoyin da za su taimake ka ka auna shi. Me ya ɗauka daga tsohon: siffa, dabara, ko sunan kawai? Me ya bari, kuma don me? Wa ya busa shi, an ma ambaci sunansa? Sannan ka ɗaga shi sama ka duba ƙasansa. Gilashin da aka gama da hannu sau da yawa yana da ɗan tabo a gindi, ko wurin da aka goge tabon, inda sandar ƙarfe ta riƙe shi lokacin da gwani ke gyara bakinsa. Na cikin injin kuwa galibi za ka ga siririn layi a gefensa, inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. Ko tambulan ɗin da kake shan shayi da shi ka juya, zai gaya maka ta wace hanya ya zo.